Wa Ya Dace Ya Yi Jinyar Bakwaini? Launin Fata, Harshe da Asalin Nas a Ɗakin Kwalba

A Amurka wannan gardama ta taso, kuma a can take da zafi: shin jariri baƙar fata ya fi samun damar rayuwa idan masu kula da shi a asibiti su ma baƙaƙe ne? Irin wannan zance idan ya ƙetaro teku yakan sauya kama. Wasu su ce ba ruwanmu, tunda a Boɗinga ko Shagari, a Jihar Sakkwato, nas baƙa ce, uwa baƙa ce, jaririn ma haka. Wasu kuma su kafa hujja da shi cewa 'yar gida kaɗai ta cancanci taɓa ɗan gida, baƙuwa ta koma inda ta fito. Duka biyun akwai gyara a maganarsu. Najeriya na rasa jarirai sabbin haihuwa fiye da 250,000 a shekara, Indiya ce kaɗai ta fi ta yawan wannan asara. A irin wannan ƙasa, sanin wadda ke tsaye a bakin kwalba da ƙarfe uku na dare ba ƙaramin al'amari ba ne.

Ma'anar kalmomin

A lissafin asibiti, sabon jariri shi ne wanda bai wuce kwana 28 a duniya ba. Bakwaini kuwa, ko da yake a bakinmu ɗan wata bakwai ne, a wurin likitoci duk wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 bakwaini ne. Akwai kuma wanda watanninsa suka cika amma nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba. Waɗannan, da wanda ya fito bai yi kuka ba, da wanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa, da mai shawara mai tsanani, su ake kwantarwa a sashen kula da jarirai na musamman. Ma'aikatan asibitocin Najeriya na kiransa SCBU, jama'a kuma su ce ɗakin kwalba. Kwalbar ita ce inkubeta, akwati mai garai-garai da ke riƙe wa jariri ɗumi irin na cikin uwarsa. Ban da ita akwai fitila mai shuɗin haske don maganin shawara, da iskar oksijin, da siririn bututun da ake zurawa ta hanci ko ta baki zuwa ciki domin ba da nono.

Nas kalmar aro ce daga Turanci, tana nufin ma'aikacin jinya, mace ko namiji, wanda ya yi karatu ya kuma karɓi lasisi daga Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Ungozoma iri biyu ce, ta gargajiya mai yankan cibi a gida, da ta asibiti mai takardar shaida. A ɗakin kwalba likita zagayowa yake yi ya rubuta abin da za a yi. Nas ce ke kwana, ita ke ƙirga numfashi, ita ke lura da cewa jariri ya yi sanyi ko ya daina motsi, ita ce kuma mai magana da uwa.

Sai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko gauraya: a samu a cikin ma'aikatan sashe ɗaya mutane masu launi, harshe, addini da asali daban-daban, gwargwadon irin jama'ar da suke yi wa aiki. Na biyu dacewa: a haɗa majinyaci da ma'aikacin da suka fito daga tushe ɗaya. Gauraya siffar ayarin ma'aikata ce baki ɗaya, dacewa kuwa tsakanin mutum biyu take. Wanda ya nemi ta farko bai zama lallai ya nemi ta biyu ba, kuma yawancin ruɗanin daga nan yake.

Inda zancen ya samo asali

Alƙaluman gwamnatin Amurka na 2022 sun nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 na baƙaƙen fata, kusan 11 kan mutu kafin su cika shekara, alhali na Turawa tsakanin 4 da 5 ne. Wannan giɓi daɗaɗɗe ne, kuma mafi yawan nas-nas na ƙasar farare ne. Masana sun kuma gano cewa jariran baƙaƙe sun fi taruwa a sassan da ba su kai sauran inganci ba.

A 2020 wasu masana huɗu ƙarƙashin Brad Greenwood suka wallafa nazarin haihuwa miliyan 1.8 da aka yi a asibitocin jihar Florida daga 1992 zuwa 2015. Suka ce giɓin da ke tsakanin jariran baƙaƙe da na Turawa yana raguwa da kusan rabi idan likita baƙi ne ke kula da jaririn. Labarin ya zagaye duniya, har Mai Shari'a Ketanji Brown Jackson ta Kotun Ƙolin Amurka ta kafa hujja da shi a 2023, a shari'ar da ta shafi la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i. Amma a 2024 George Borjas da Robert VerBruggen suka sake bin alƙaluman guda ɗin, suka ƙara abu ɗaya da aka tsallake, wato jariran da nauyinsu bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Waɗannan su ne mafiya haɗari, kuma galibi hannun likitoci farare suke faɗawa. Da aka sa wannan a lissafi, sai tasirin da aka yi ta yayatawa ya ragu ƙwarai, har ba a iya tabbatar da shi. A kula kuma, duka nazarin biyu a kan likitoci aka yi su, ba nas ba. Don haka duk wanda ya ce kimiyya ta tabbatar launin hannun mai jinya na raya jariri, ya faɗi fiye da abin da hujja ta nuna.

Akwai wata fuskar ta dacewa da ba a son tunawa. A birnin Flint na jihar Michigan, wata nas baƙar fata da ta daɗe a ɗakin jarirai ta kai asibitinta ƙara a 2013, bisa zargin cewa wani uba Bature ya nemi kada baƙar nas ta taɓa ɗansa, aka kuma biya masa bukata na wani lokaci. An sasanta ƙarar da biyan diyya. Shi ma wannan uban dacewa ya nema. Ƙofar da aka buɗe wa wanda ake dannewa domin ya sami irin nasa, ta nan mai wariya ke bi ya kori wanda ba nasa ba.

Inda launin fata ya shafe mu kai tsaye

Masu cewa ba ruwanmu sun manta da abu ɗaya: littattafan da nas-nas ɗinmu ke karantawa da na'urorin da suke aiki da su, yawancinsu a kan farar fata aka gina su.

A 1952 wata likita Ba'amurkiya, Virginia Apgar, ta tsara ma'aunin da har yau ake duba jariri da shi a minti na ɗaya da na biyar bayan haihuwa: bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓoɓi, motsi idan an taɓa shi, da launin jiki. Cikakken maki a launi na wanda jikinsa ya zama ruwan hoda ne. A watan Yulin 2023 wata cibiya ta hukumar lafiyar Ingila da ke bibiyar bambancin launin fata a harkar lafiya ta fitar da rahoto cewa wannan siffantawa ba ta dace da jariran baƙaƙe da na Asiya ba, haka ma yadda ake koyar da gane shawara da shuɗancewar jiki. Kafin nan, a ƙarshen 2020, masana a Jami'ar Michigan sun nuna cewa 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini takan nuna lafiya lau alhali iskar ta yi ƙasa, kuma wannan kuskure ya ninka kusan sau uku a baƙaƙe idan aka gwada da farare. A kan manya aka yi wannan nazari, amma irin na'urar ce ake ɗaura wa bakwaini a ƙafa.

Shawara ce ta fi kusa da mu. Jariranmu kan fito da haske, sannan su riƙa duhu cikin 'yan kwanaki, daidai lokacin da shawara ke bayyana. A ɗakin mai jego, mai duhu da hayaƙin gashi, rawayar ba ta ganuwa. Gogaggiyar nas takan kai jariri bakin taga da rana, ta danna kan hancinsa ko goshinsa da yatsa ta ga launin da zai fito kafin jini ya dawo, ta buɗe ido ta duba farinsa, ta ɗaga leɓe ta duba dasashi. Ga kuma ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a tsakanin 'ya'ya maza a Najeriya. Mai wannan lalura, kafur ɗin da ake jefawa a akwatin kayan jarirai kaɗai ya isa ya farfasa masa ƙwayoyin jini. Idan shawara ta hau ƙwaƙwalwa, abin da ke biyo baya kurumta ne ko shanyewar jiki ko mutuwa. A nan ba launin nas ne abin dubawa ba, sai dai ko an koya mata karanta baƙar fata.

Daga Kajiji zuwa ɗakin kwalba

Boɗinga da Shagari suna kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Tambuwal da Jega. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Ke nan jaririn da ya iso ɗakin kwalba daga Sifawa ko Dingyaɗi ko Kajiji ko Dandin Mahe, galibi a gida aka haife shi, an kuma gwada abin da aka sani kafin a kama hanya. Idan lamarin ya fi ƙarfin asibitin yankin, sai a tura shi birni, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru. Uwar tana iya kasancewa 'yar shekara 17 da ba ta taɓa kwana a asibiti ba. Tare da ita akwai uwarta ko uwar mijinta, miji kuma yana waje yana lissafin kuɗin magani.

Jinyar bakwaini rabinta a hannun uwa take. Ita za ta tatsi nono a kofi duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana, ta wanke hannu kafin ta taɓa shi, ta kuma gane alamun haɗari bayan an sallame su. Duk wannan da baki ake koyar da shi. Mutanen yankin kuwa ba bakinsu ɗaya ba. Akwai Hausawa, akwai Fulanin gari da na ruga waɗanda wasu matansu Fulatanci ne kaɗai ya zauna a bakinsu, akwai Zabarmawa da Buzaye. Ko Hausar ma, wadda ta koye ta a kasuwar Sabon Garin Kano takan sha wuya da Sakkwatancin tsohuwar ƙauye. Idan babu mai jin harshen a cikin masu aikin wannan dare, sai a kira miji ko mai shara ya yi tafinta, kuma saƙon da ya bi ta baki uku ba ya isa yadda ya taso.

Bayan harshe akwai abin da harshe ba ya faɗa. Yarinyar da ta yi haihuwar fari, a al'adar Fulani da ta Hausawa da yawa, ba ta nuna ɗokin ɗanta a gaban manya, ba ta ma kiran sunansa. Nas ta tambaye ta ko ya kama nono, sai ta sunkuyar da kai, kaka ta amsa. Wadda ba ta san kunyar ɗan fari ba za ta ɗauka uwar ba ta damu ba, ta yi mata faɗa a gaban surukarta, daga nan kuma bakin yarinyar ya rufe ke nan. Wadda ta sani za ta fara da tsohuwar, ta gaishe ta da Inna ko Hajiya, ta yi mata bayani kamar ita ce mai shawara, domin a gaskiya ita ce, sannan ta ja labule ta keɓe da uwar.

Haka zancen dakashi, nonon farko mai kauri da wasu ke tatsewa su zubar da sunan ƙazanta, alhali shi ne rigakafin farko. Haka gashin cibiya da tsumma mai zafi, da kiran wanzami ya cire beli a makon farko, da ɗura wa jariri ruwa ko rubutu. Uba na iya zuwa da dabino domin a shafa wa ɗansa a ganɗa, yana bin sunna. Nas ɗin da ta san matsayin wannan a zuciyarsa ba za ta daka masa tsawa ba, za ta roƙe shi ya jinkirta har jaririn ya iya haɗiya. Babban gwaji kuwa shi ne idan kwanan suna ya gabato. An sayi rago, an raba goro, ga wankan jego na jira a gida, sai dangi su ce a ba su ɗansu. Wadda ta san yadda ake suna za ta tuna musu cewa raɗin suna maza ke yin sa da safe a ƙofar gida, ba a fito da jinjiri, don haka a yi suna a Shagari yana kwance a Sakkwato. Da irin wannan magana ake hana sa hannu a takardar fita ba da izinin likita ba.

Sai batun mace da namiji, wanda a nan ya fi ƙabila nauyi. A 1978 wani likita a Bogota ta ƙasar Kolombiya, Edgar Rey, ya rasa isassun kwalabe, sai ya sa uwaye su ɗaure bakwaini a ƙirji, fata da fata. Gwajin da aka yi a ƙasashe biyar, ciki har da asibitin koyarwa na Ile-Ife, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa fara wannan goyon ƙirji nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta. Ba ya bukatar wutar lantarki, abin da ya sa ya fi dacewa da karkara. Amma yana bukatar uwa ta buɗe ƙirji, haka ma tatsar nono. Nas namiji, kome ƙwarewarsa, da wuya matar ƙauye ta saki jiki a gabansa, ko mijinta ya yarda. Shari'a ta yi rangwame a halin larura, sai dai rangwamen malamai ba ya cire nauyin da mace ke ji.

Me ya sa 'yan gida suka yi ƙaranci

Shiga makarantar jinya na bukatar kiredit biyar: Turanci, lissafi, fizis, kemistiri da bayoloji. A binciken 2018 ɗin nan, fiye da kashi 80 cikin 100 na matan Jihar Sakkwato masu shekarun haihuwa ba su taɓa shiga aji na boko ba. Daga nan matsalar ta faro, tun kafin a zo ga ɗaukar aiki. Shi ya sa shekara da shekaru asibitocin Arewa maso Yamma suka dogara da nas maza na gida da kuma mata daga wasu sassan ƙasar. Da yawa daga waɗannan matan sun yi aure a nan, sun tsufa a nan, Hausarsu ta fi ta wasu 'yan birni.

An gwada kawo ma'aikata daga nesa. A Disambar 2009 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, aka rarraba 2,488 zuwa ƙananan asibitoci 652. Tarayya za ta biya kowace ungozoma Naira 30,000 a wata, jiha 20,000, ƙaramar hukuma 10,000 da masauki. Jihohi da ƙananan hukumomi da dama ba su cika alkawari ba, ga rashin jin harshe, ga kewar iyali, sai da yawa suka bar wuraren da aka kai su. An kuma gwada rainon na gida. Majalisar jinya ta fito da karatun ungozomar al'umma na shekara biyu, inda ake ɗauko yarinya daga yankinta domin ta koma can. Wani shiri da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 zuwa 2020 a Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe ya buɗe ajin share fage ga matan karkara, har masu aure da goyo, don su cike kiredit ɗinsu. Sakkwato ba ta cikin jihohin.

Amma Sakkwato ma tana da nata darasin. A 2013, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, jihar ta fara raba man kulohezidin na shafa wa cibiya da maganin tsayar da jini bayan haihuwa ta hannun masu sa-kai 2,440, goma-goma daga mazaɓu 244. Ba nas ba ne su, amma an san iyayensu, ƙofar gidan mai jego kuma a buɗe take gare su. Ƙasar da Nana Asma'u ta tura jajis su ilmantar da matan ƙauye ba baƙuwar wannan dabara ba ce.

Ta fuskar doka, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na tarayya ne, don haka tsarin raba-daidai tsakanin jihohi ya hau kansa. Wannan tsari ya fara shiga kundin tsarin mulki ne a 1979, kundin da Alhaji Shehu Shagari ya yi mulki da shi, kuma yana nan a sashe na 14 na kundin 1999. Amma raba-daidai takardar shaidar asali yake dubawa, ba ya tambayar wane harshe mutum ke ji. Ana iya cika sharaɗinsa tsaf a wayi gari babu mai jin Fulatanci ko ɗaya a sashen.

Duk wannan kuma ana yin sa ne rijiyar na tsiyaya. A Fabrairun 2024 magatakardan majalisar jinya, Faruk Abubakar, ya ce nas 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. A rajistar nas ta Birtaniya, bayan Indiya da Filifin, Najeriya ce ke biye a yawan waɗanda suka yi karatu a waje. Gaurayar da asibitocin Landan da Manchester ke alfahari da ita, wani ɓangarenta daga ɗakunan jinyarmu aka kwaso.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Masu ra'ayi na farko na cewa ƙwarewa ce kawai. Bakwaini bai san ƙabila ba, jijiyarsa kuma siririya ce, wadda ta iya sa allura ita ake nema. Suna da gaskiya babba. Ƙa'idar Birtaniya ita ce nas ɗaya ga jariri ɗaya a jinya mai tsanani, ɗaya ga biyu a matsakaiciya, ɗaya ga huɗu a mai sauƙi. A asibitocin gwamnati a Najeriya ba abin mamaki ba ne a ga nas ɗaya ko biyu sun kwana da jarirai fiye da goma. Wanda ke wannan hali, in ji su, bai kai matsayin zaɓe ba. Inda suka gaza shi ne ɗaukar magana da uwa kamar ba ƙwarewa ba ce. Allurar da aka sa daidai ba ta amfanar jaririn da aka fice da shi ranar shida saboda ba a fahimci juna ba.

Masu ra'ayi na biyu na cewa a ɗauki 'yan gida. Hujjarsu mafi ƙarfi ba ma harshe ba ce, zama ne: wadda iyayenta da mijinta ke Boɗinga ta fi wuyar tashi. Amma su ma sukan rufe ido ga wasu abubuwa. Zama 'yar jiha ba ya hana wulaƙanci. 'Yar birnin da harshenta da addininta ɗaya ne da majinyaciya tana iya yi mata kallon baƙauya, kuma tazarar birni da ƙauye, ko ta mai boko da marar boko, sau da yawa ta fi ta ƙabila faɗi. Akwai ma matar da ta fi son baƙuwa, domin sirrinta ba zai riga ta isa gida ba. 'Yar gida kuma takan ji nauyin saɓa wa tsohuwar da ta goye ta a kan cire beli, inda baƙuwa za ta faɗi gaskiya ba tare da tsoron taron biki ba.

Abin da hujja ta fi goyon baya shi ne gauraya, ba dacewa ba. Ba a bukatar a ce Bafulatana sai Bafulatana, Bazabarma sai Bazabarma. Ana bukatar kowane zubin aiki, na safe da na yamma da na dare, ya kasance da mace, da mai jin harsunan yankin, da wadda ta fi kowa iya hannu ko daga ina ta fito, su kuma koya wa juna. Dangin da suka ce kada wance ta taɓa ɗansu saboda ƙabilarta ko addininta, a saurari abin da ke damunsu, a kawo tafinta idan harshe ne, amma kada a canza musu nas. Neman mace don tatsar nono ko goyon ƙirji daban yake, domin sutura ake nema, ba ƙyamar wani jinsi ba.

Abin da ka iya biyowa

Binciken 2018 ya sa mutuwar sabbin jarirai a Najeriya a kan 39 cikin 1,000, na 2023 zuwa 2024 kuma 41. Burin da ƙasashen duniya suka sa wa kansu shi ne 12 kafin 2030. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace a makon farko suke faruwa, makon da ake shirin suna. Idan aka bi hanyar 'yan gida zalla kafin a samar da su, gogaggun baƙi za su tafi da abin da suka sani, sabbin kuma su rasa mai koya musu, domin yawancin aikin ɗakin kwalba a bakin gado ake koyonsa. Idan kuma aka ci gaba da cike gurbi ba tare da duba harshe da al'ada ba, za a ci gaba da sayen kwalabe, mata kuma su ci gaba da haihuwa a ɗaka.

A 2025 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sanar da tsarin tura ma'aikatan lafiya karkara na tilas na shekara biyu. Darasin 2009 ya nuna cewa turawa ba ita ce wahala ba, zaunarwa ce: masauki, ruwa, tsaro da albashi a kan kari. Ya kamata masu tsara jadawalin aiki a asibitoci su rubuta harsunan da kowace ma'aikaciya ke ji kamar yadda suke rubuta takardunta, a kuma ba sababbin zuwa darasin Hausa da na al'adun jego. Makarantun jinya su koyar da gane shawara da ƙarancin iska da hotunan jariranmu. Ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari kuwa, kwalejin jinya ta Sakkwato na gefe ɗaya, ta Tambuwal na ɗaya gefen, abin da ya rage shi ne malaman kimiyya a makarantun 'yan mata da tallafin karatu da sharaɗin dawowa gida aiki.

Ku kuma iyaye, idan idon jariri ya yi rawaya, ko ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko numfashinsa ya yi sauri, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira suna. Nas ɗin da kuka tarar, Hausarta ta fita ko ba ta fita ba, ku ba ta jaririn, ku nemi a maimaita muku bayani har sai uwar ta gane.